Yadda Aka Kama Baba Nomau a Gangara

Tun da na dawo daga Gangara ban sha fura cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna bakin masallaci sai a ce, "Ilu, wai da gaske an kama Baba Nomau?" Na je kasuwar Gidan Sori sayen gishiri, mai gishirin ya riƙe mudu ya ce sai na ba shi labari tukuna. Har matata, da ta ji shi sau uku, jira take baƙi su zo ta ce in sake. Bakina ya gaji. Shi ya sa na zauna na rubuta shi da ɗan abin da na tsinta a lakol, wato makarantar boko, kowa ya karanta ya bar ni in huta. Amsar tambayar kuwa ita ce i, an kama shi. Amma sai na fara daga gona, don can maganar take.

Gonar da nake nomawa ba tawa ba ce. Ta gidan su Baba Nomau ce, aro ya ba ni tun shekarar da ubana ya rasu aka raba tamu, rabona bai fi shimfiɗar tabarma ba. Da ita nake ci da mutum tara. Sharaɗinta guda ne, kuma ba Baba ya ƙirƙiro shi ba, haka muka tarar: ba a dasa itace a gonar aro. Wanda ya dasa itace ya ce ƙasar tasa ce ke nan. Saboda haka kowace bazara nake bin gonar nan da gatari, duk abin da ya tofo daga tsohon kututture in sare shi har ƙasa, in tara in cinna wuta, don kada ma wani ya yi zargin ina da wata niyya. Gonata fes take, tsuntsu ma ba ya samun inda zai sauka.

Ana nan, daidai lokacin da jam'iyyu suka fito kowa ya koyi cewa "demokaradiyya", sai ga furoje, wato irin aikin raya karkara da ake kawo wa daga waje, da farar mota da buro, wato ofis, a Gidan Rumji. Ma'aikacinsu da ke zuwa garinmu wani Bazabarme ne, Hamani. Da yake mu Gobirawa ne, shi kuma abokin wasanmu, tun ranar farko ya ce ya zo duba bayinsa. Aka tara mu aka tambaye mu abin da muke so. Muka ce rijiya, baki ɗaya, har da kurman garin. Bayan wata biyu mota ta dawo da 'ya'yan dogon yaro cikin baƙaƙen ledoji. Aka ce rijiya na nan tafe, amma sai kowane ɗan kwamiti ya nuna itace tsaye a gonarsa kafin damina. Ni kuwa an sa ni kwamiti saboda na iya rubuta sunana.

Da yamma Baba Nomau ya leƙo gidana ya ga ledoji ashirin jere a gindin rumbu. Bai ko zauna ba.

"Ilu," ya ce, "ran da kad dasa icce guda cikin gonat tsohona, ran nan kaka ɗaukar hauyakka ka hita."

In na dasa, gona ta tafi. In ban dasa ba, a ce ni na hana gari rijiya. Na daina cin tuwo yadda na saba. Cikin wannan hali Hamani ya zo ya ce furoje zai kai mutum biyu wani gari a ƙasar Gangara su ga yadda ake yi a can. Gari ya zaɓe ni don in rubuto, ya zaɓi Baba Nomau don shi ne dattijon da ba ya yarda da komai, in ya yarda kowa ya yarda. Hamani ya ba ni jawabin gaisuwa in haddace, ya ce in ɗauki ɗan itace guda mu kai musu tsaraba.

Amalanken maƙwabcina muka hau zuwa bakin kwalta. Bijiminsa ya saba da jigilar ruwa, don haka duk rijiyar da ya hango sai ya ratse ya je ya tsaya, sai an sauka an yi kamar an ɗora masa wani abu sannan ya yarda ya ci gaba. Rijiya huɗu muka gaisar. Baba ya zauna can baya ya ba ɗan itacen nan baya, ya ce ko inuwarsa kada ta taɓa shi.

A Maraɗi muka sami fijo mai zuwa Agiye. Kujera tara aka ce tana da su, mu sha huɗu muka shiga, ban da kajin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. Ledar itacen a cinyata take, kuma da yake na shayar da shi kafin mu taso, ruwan ya bi wandona ya sauka. Wata mai sayar da daddawa da ke gefena ta dubi wandon, ta dube ni, ta matsa. Na so in yi bayani, na ga zai ƙara ɓata maganar.

Kafin Cadawa akwai shingen jandarma. Wani matashin jandarma ya leƙo, ya karɓi takardun kowa, ya ga itacen ya ce cikin raha, "Shi wannan ina tasa takardar?" Mota ta yi dariya, da shi ke nan mun wuce. Sai Baba Nomau, da bai taɓa yi wa mai kaki magana ba tun da aka haife shi, ya zuro kai ta taga.

"Yaro, ba ka ji ba? Demokaraɗiyya ta taho. Yanzu ba a tambayam mutane."

Jandarman ya ce to, tun da demokaradiyya ce, Baba ya sauko ya yi masa bayaninta dalla-dalla, shi ma yana son ya sani. Ya kawo masa benci. Baba ya fara da cewa ita dai wata aba ce da aka yi a Yamai, daga nan ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa a wurin. Muna cikin rana muna gasuwa, kaji na haki. Sai da mai daddawa ta sauko ta ce, "Ranka ya daɗe, tsoho ne, jiya ya ji ta a rediyo," sannan aka sake mu. Har Agiye ba wanda ya kula Baba, shi kuwa ko a jikinsa, cewa yake ai ya nuna masa.

A Agiye aka kai mu wani buro inda ake tsara aikin. Nan na ga inda ledojinmu suka fito. Wata ƙatuwar taswira ce a bango, an soka mata allurai masu kai ja da kore. Wani mai tabarau ya ɗauki sanda yana nunawa: kore su ne garuruwan da ƙasarsu ke farfaɗowa, ja su ne waɗanda suka lalace. Baba ya ce a nuna masa garinmu. Aka nuna masa. Ja wur. Ya tambayi mai tabarau ko ya taɓa zuwa garin. Ya ce a'a, amma an ɗauko hotonsa daga sama. Baba ya ce, "To daga bisa ba a ganin rijiya ta ƙahe?" Mai tabarau ya ce wannan wani sashe ne daban, mai kula da shi yana yajin aiki.

Da aka fita shan iska na waiwaya, sai na ga Baba ya zare allurarmu ya musanya da ta wani gari mai kore. Ban san garin da ya jefa cikin ja ba. In an kai muku ledoji ba ku san dalili ba, ku yafe mana.

A wani aji na lakol aka sauke mu, da yake malamai ma ba su aiki. Aka kawo abinci, makaroni da kifin gwangwani. Baba ya juya shi da ɗan yatsa ya ce shi ba ya cin abin da ba a san gonar da ya fito ba. Ya kwance ƙullin garin fura da ya taho da shi ya dama. Ni na cinye nawa na cinye nasa. Hamani ya ce ai dama Bagobiri sai ya ga ubangidansa Bazabarme yake ƙoshi. Baba ya ce ya yi shiru, ai kakan Hamanin da takalmi guda aka sayo shi, kuma an yi tsada.

Washegari muka isa Gazawa. Hamani ya tsaya karɓo wata takarda, ya sa mu cikin wata akori-kura mai zuwa kudu, ya ce zai iske mu da babur. Abin da ba mu sani ba, direban na da al'adar ratsewa ya sha mai inda ya fi araha kafin ya kai fasinja. Muka yi ta bin hanyar amalanke cikin gonaki, ba shinge, ba tuta, ba kowa. Can muka tsaya a wani gari, ga dattawa zaune gindin tsamiya. Na ce wa Baba mun iso. Na sauko, na gyara hula, na rungumi itacena, na yi sallama, na zuba jawabin Hamani tun daga farko har ƙarshe: cewa mun taho daga yamma a madadin garinmu don mu koyi darasi daga ƙwazonsu, da haɗin kansu, da yadda suka zama abin koyi a ƙasar Nijar baki ɗaya.

Suka saurare ni tsaf. Da na gama, babbansu ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka. Sai dai nan Najeriya ne."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Mutanen kirki ne kuwa, suka ba mu ruwa da goro, suka ce shekara da shekaru ba wanda ya yabe su haka, in na samu sarari in riƙa zuwa. Wani ma ya gano kakarsa da kakar Baba 'yan gari ɗaya ne. Na tambayi inda iyakar take, aka nuna mini wata gonar wake aka ce wajen tsakiyarta ne, amma mai gonar ma bai tabbata ba. Direba ya cika jarkokinsa muka juyo.

Da la'asar muka isa garin gaskiya. Tun daga nesa Baba ya fara tsaki. Gonakinsu cike suke da kalgo da sabara da 'yan gawo, wasu iya gwiwa, wasu sun fi mutum tsawo. A wajenmu wanda gonarsa ta yi haka ba a ba shi mata.

"Waɗanga mutane ba su da gatari?" in ji Baba. "Ragwaye anka kawo mu gani?"

Hamani ya riga mu isowa. Ya gabatar da mu ga maigari da kuma wata dattijuwa doguwa, Inna Dije, wadda kakanninta makiyaya ne suka zauna suka kama noma. Ita ce shugabar masu tsaron itatuwan garin. Mace! Baba ya dube ni, na dubi ƙasa. Aka ce ai mata aka ba aikin, don su ne suka san nisan da ake yi neman itacen girki. Jawabi dai ban sake yi ba, ya ƙare a Najeriya. Na miƙa mata tsaraba kawai. Ta ɗaga ledar, ta dubi ɗan itacen da ya sha zafin mota har ganyensa uku suka rage, ta ce, "Wayyo, maraya. Ku aje shi inuwa ya huta."

Sun karɓe mu hannu biyu. Tuwon hatsi da miyar kuka, sai dai su suna zuba man shanu har ya kwanta a kai, furarsu kuma nono ya fi gari yawa, saɓanin tamu da ludayi ke tsayawa a ciki. Maganarsu irin ta Katsina ce, suna jin Baba ya ce "munka taho" sai yara su ruga bayan darni su yi dariya. Aka sauke mu a zauren maigari, aka ce da safe za a zaga da mu.

Da safen ne abin ya faru. Bayan sallar asuba Baba ya zaga bayan gari kamar yadda ya saba a gida, ya ga wani reshe miƙaƙƙe ya fito daga gindin wani kututture, ya ciro wuƙa ya yanke ya fere asuwaki. A garinmu wa zai tambaye ka? Itacen daji na Allah ne da ma'aikacin gandun daji, in ba ya kusa kuwa na Allah ne kaɗai. Ina alwala ta biyu, don ta farko barci ya ɓata ta, sai na ji usur. Na fito na ga Baba Nomau tafe tsakiyar mata huɗu, asuwaki a baki, Inna Dije a gaba riƙe da ragowar reshen. A jikin reshen akwai ɗan jan ƙyalle ɗaure. Ashe alama ce: cikin tofo goma an zaɓi wannan guda an bar shi ya zama itace, shekara biyu wata gwauruwa tana rainonsa.

Aka zauna gaban maigari. Baba ya ce shi baƙo ne. Inna Dije ta ce akuya ma in ta shigo baƙuwa ce, kuma ana ɗaure ta. Baba ya ce demokaraɗiyya. Ta ce yawwa, ita ce ta kama shi, don dokar nan gari ne ya taru ya ɗaga hannu, ba daga buro aka aiko ta ba. Hamani yana gefe yana dariya har da hawaye, yana cewa a sayar masa da shi ya huta. Hukuncinsu ga mai laifin farko ba tara ba ce. Yini guda zai yi yana aiki a gonar wadda ya yi wa ɓarna.

Haka aka tasa dattijon garinmu zuwa gonar gwauruwa, ni ina biye da littafina. Inna Dije ta durƙusa gaban wani kututturen kalgo ta nuna masa: a duba tofon, a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, a sare sauran, a share musu ƙananan rassa, a ɗaura ƙyalle. Abin da aka sare na girki ne, ganyen na dabbobi. Sassaben zamani suke ce masa. Baba yana yi yana gunaguni. Can ya ce, "Wa yad dasa waɗanga duka?"

"Ba wanda ya dasa," in ji ta. "Na leda mun dasa sun fi a ƙirga, rani ya cinye, awaki suka ƙarasa. Waɗannan saiwarsu na ƙasa tun zamanin kakanni. Mu muke sare su duk shekara, su kuma ba su mutu ba. Bari kawai muka yi."

Baba ya tsaya da wuƙa a hannu. Ya ce, to in gonar aro ce fa, na wa ne iccen? Ta ce wannan da suke ciki ma ta aro ce. Itacen na mai ƙasa ne, tun da saiwar kakansa ce, ba wanda ya isa ya ce shi ya kawo ta. Rassa da ganye da amfanin gona na mai raino ne. An faɗa gaban maigari, kowa ya ji.

Daga nan gunaguni ya ɗauke. Ya yi aiki har azahar, ya ƙi hutawa, har ya fara gyara wa Inna Dije zaɓi, yana cewa wancan tofon ya fi wannan. Ni kuwa na ce a raina, shi ke nan, tsohon nan ya ga gona na iya ba da itace ba wahala, zai karɓe abarsa ya ba wani nasa.

A hanyar dawowa, ko a shingen jandarma bai buɗe baki ba, har matashin nan ya leƙo ya tambaye shi ko demokaradiyya lafiya. Mun isa gida ranar Laraba. Ranar Alhamis da hantsi ya aiko in same shi gona, in taho da gatari. Na iske shi da maigari da liman. Da na ga shaidu, na ce magana ta ƙare. Na riga na fara tunanin wanda zan roƙa ya ɗauke ni ƙodago.

Bai dube ni ba. Ya shiga gonar yana tafiya a hankali, yana tona ƙasa da sandarsa. Ya tsaya kan wani kututture da na sare bara ya ce nan gawo ne, a ƙarƙashinsa uwarsa ke aje musu fura. Ya matsa ya ce nan aduwa ce, tsohonsa ya sare ta shekarar da aka ce kowa ya shuka gujiya. Nan magarya, daga kanta ya faɗo ya karye hannu. Ni da na yi shekara ashirin ina sare su ban san sunan ko guda ba, shi kuwa sai da ya kira sha bakwai. A jikin kowane akwai ɗan tofo kore, ya sake fitowa.

Sannan ya juyo ga maigari ya ce a shaida: iccen na gidansu ne, rassa da ganye da abin da gona ta bayar nawa ne, ba dasawa, ba sarewa. Hamani ya riga ya ce furoje zai ƙirga irin waɗannan a madadin na leda, maganar rijiya ta tsaya da ƙafarta. Maigari ya ce an ji. Liman ya yi fatiha. Suka tafi suka bar mu mu biyu.

Na ce, "Baba, na zaci karɓewa za ka yi."

Ya ɗora sandarsa kan kututturen gawon nan.

"Ilu, ɗiyana ukku suna Ikko, ba su san iyakar gonag ga ba. Tsorona kullum in mutu su taho su iske ba abin da ka nuna tasu ta. Shi ya sa nika yi maka tsawa. Yanzu in sun taho, su ga iccen kakansu tsaye, su san tasu ta." Ya share ido da bakin rawani, ya ce ƙura ce. "Su kuma tambaya wa yar raine su. In an ce kai ne, in dai ni na haihe su, ba su iya buɗa baki su ce ka hita."

Na aje gatarin, na yage bakin tsohuwar rigata, na durƙusa na tambaye shi wanne za a bari cikin tofon gawon. Ya duba ya duba, ya nuna na tsakiya. Na ɗaura masa ƙyallen.